Kwana Biyar a Gindin Benayen Frankfurt

Jirgin da ya ɗauko mu daga Abuja ya sauka a Frankfurt da asuba, a tsakiyar watan Maris, lokacin da sanyin hunturu bai gama sakin ƙasar Jamus ba. Baje kolin kayan gini ne ya kai ni, domin kuwa sana'ata ke nan: na shafe shekaru ina lissafin siminti da rodi da ladan magina a wuraren aiki a Kano da kewayenta. Wani abokin karatuna tun muna Zariya, wanda aiki ya zaunar da shi a can, shi ne ya tarye ni, muka shiga jirgin ƙasan da ke kai matafiya cikin gari a kimanin rubu'in sa'a. Mun fara ratsa wani daji mai dogayen itatuwa da sanyi ya kakkaɓe wa ganye, sannan jirgin ya hau gadar kogin Main, sai mai masaukina ya taɓa kafaɗata ya ce, "Injiniya, dubi hannunka na dama." Ina waigawa sai ga dogayen benaye a cure wuri guda kamar kurmin giginya a tsakiyar fadama, ba a ma kashe fitilunsu ba tukuna.

Idan aka auna da yawan jama'a, Frankfurt gari ne matsakaici. Mazaunansa ba su kai 800,000 ba, shi ne na biyar a Jamus bayan Berlin da Hamburg da Munich da Kolon, kuma ko jihar Hessen da yake cikinta a Wiesbaden take da fadar gwamnatinta. Wanda ya saba da faɗin Kano zai ratsa tsakiyarsa da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, har ya samu lokacin shan shayi. Duk da haka, kusan duk wani bene da ya haura mita 150 a faɗin ƙasar Jamus a nan yake, har aka haɗa sunan kogin garin da na unguwar dogayen benaye ta New York ana yi masa laƙabi da Mainhattan. Tun a cikin jirgin nan na ƙudura cewa duk sa'ar da na samu bayan an tashi daga baje koli, zan bi sawun abin da ya tara wannan tsawo a ɗan wuri, in kuma ga abin da masu tafiya a ƙasa suka samu a ciki.

Ban sha wahalar neman bene na farko ba, domin a bakin filin baje kolin yake tsaye. Sunansa Messeturm, wato hasumiyar baje koli, tsawonsa mita 257, an kammala shi a 1990, kuma Helmut Jahn ne ya zana shi, Bajamushen da ya yi suna a Chicago. An lulluɓe jikinsa da jan dutse, ƙolinsa kuma ya tashi da tsini, shi ya sa 'yan gari ke ce masa fensir. Shekara bakwai ya yi babu benen da ya kai shi a duk nahiyar Turai. Domin mutumin gida ya gane abin da ake nufi, da za a ɗauki Cocoa House na Ibadan mai mita 105 a ɗora shi a kan NECOM House na Legas mai mita 160, da mita 8 kacal za su ɗara shi.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan gini yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ƙasar Frankfurt yumɓu ce mai kauri, wadda ke lotsawa sannu a hankali idan an ɗora mata nauyi, kuma benayen farko da aka gina a kanta sun nutse da santimita masu yawa, wasu har suka ɗan karkata. Da aka zo kan Messeturm, sai injiniyoyi suka zuba faifan kankare mai kaurin mita 6 a tsakiya, suka kafe shi a kan turaku 64 na kankare da rodi da aka nutsar cikin yumɓun, ta yadda faifan zai ɗauki wani kaso na nauyin, turakun su ɗauki saura. Benen Commerzbank da ya biyo baya an kafa shi ne a kan turaku 111 da suka ratsa yumɓun har suka taɓa dutsen farar ƙasa, kusan mita 50 a ƙarƙashi. Ina tsaye a gindin ginin na tuna sau nawa mai gini a gida ya dube ni ya ce kuɗin gwajin ƙasa asara ne, gara a ƙara su a kan tayil da fenti, na kuma tuna benaye masu hawa uku da huɗu da suka rufta da bayin Allah saboda irin wannan lissafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ilimin nan muna da shi, a aji ɗaya aka koya mana ni da mai masaukina.

Washegari da yamma muka hau Main Tower, wanda aka buɗe a shekarar 2000, mai tsawon mita 200 da hawa 56. A saman rufinsa an keɓe dandali domin jama'a, kowa ya sayi tikiti a bincike shi ya shiga lif, kafin minti guda ya cika ya isa. Iska a can sama tana yankan kunne, amma sararin ya washe: ga tsaunukan Taunus ta arewa maso yamma, ga kogin ya raba garin biyu, ga jirage suna layin sauka ta kudu. Daga nan ne na ga yadda kurmin benayen yake ɗan ƙarami. Mafi yawansu suna cikin tazarar da mutum zai zagaye da ƙafa cikin rabin sa'a, daga nan kuma sai gari ya kwanta, gidaje masu hawa biyar da shida har iyakar gani.

Mai masaukina ya nuna mini wani koren zobe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya kewaye tsohon gari, ya ce nan ne ganuwar Frankfurt take a da. A farkon ƙarni na 19, zamanin Napoleon, aka rushe ta, aka mayar da gurbinta lambu, aka kuma kafa dokar hana gini a cikinsa wadda take aiki har yau. Benayen bankuna sun jeru a gefensa, filin da ke wurin yana da tsadar da ba ta misaltuwa, amma lambun yana nan da itatuwansa da kujerunsa. Na daɗe ina kallonsa ina tunanin badalar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu. Su sun rushe tasu ganuwar amma sun tsare gurbinta, mu kuwa tamu tana zaizayewa, shaguna da gidaje suna cinye ta tare da gurbin nata.

Ta gabas na leƙa ƙasa na hango hasumiyar babbar majami'ar garin, ta jan dutse, mai mita 95. Ɗaruruwan shekaru babu abin da ya kai ta tsawo a Frankfurt, kuma a cikinta ake naɗa sarakunan daular Jamus ta da, daga 1562 zuwa 1792. A watan Maris na 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin ƙawance suka yi wa garin luguden bama-bamai, tsohon birnin da aka gina da katako ya ƙone ƙurmus, hasumiyar ta rage a tsaye cikin ɓaraguzai. Bayan yaƙi Frankfurt ya sa rai zai zama babban birnin Jamus ta Yamma, har ya gina zauren majalisa tun kafin a yanke shawara, amma a 1949 aka zaɓi Bonn. Abin da garin ya rasa a mulki sai ya same shi a kuɗi. Sojojin Amurka a nan suka kafa hedikwatarsu, a nan aka buɗe bankin da ya fitar da sabon kuɗin ƙasar a 1948, wanda ya zama babban bankin Jamus a 1957, manyan bankunan da a da suke Berlin su ma suka tare a nan. Da ma can garin kasuwa ne: tun 1240 sarki ya ba wa masu zuwa baje kolinsa kariya, kasuwar hannun jarinsa ta samo asali a 1585, kuma daga unguwar Yahudawansa zuriyar Rothschild ta fito.

Sauran biranen Jamus sun ƙi bin hanyar dogayen benaye da gangan. A Munich an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a 2004, aka amince kada sabon bene ya wuce mita 100, wato tsawon hasumiyoyin majami'arsu. A shekarar ce kuma hukumar UNESCO ta sa majami'ar Kolon cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari saboda shirin gina benaye a tsallaken kogi, har aka sauya shirin. Frankfurt kuwa ya riga ya rasa tsohuwar fuskarsa a yaƙi, yana kuma buƙatar harajin kamfanoni, don haka ya buɗe ƙofa.

Rana ta uku na tafi unguwar Westend ni kaɗai, kuma a nan ne labarin ya sauya mini kama. Unguwa ce mai natsuwa, mai manyan gidajen attajiran ƙarshen ƙarni na 19, da itatuwa a gefen titi. A shekarun 1960 hukumar birni ta ba da damar gina ofisoshi a cikinta, sai masu neman riba suka yi ta sayen gidaje suna matsa wa 'yan haya lamba har su tashi, su bar gidan ya lalace, sannan su rushe su nemi izinin bene. A 1970 ɗalibai da iyalan ma'aikata baƙi suka fara shiga gidajen da aka bari a rufe suna zama, aka shafe shekaru ana arangama da 'yan sanda a kan tituna. Cikin matasan da suka yi wannan gwagwarmaya har da Joschka Fischer, wanda daga baya ya riƙe ministan harkokin wajen Jamus daga 1998 zuwa 2005. Ƙiyayyar da mutane ke yi wa benayen ta kai ga cewa a 1973, da gobara ta tashi a saman City-Haus mai mita 142 ana cikin gininsa, wasu 'yan kallo shewa suka yi. A lokacin ne aka riƙa yi wa garin ba'a da suna Bankfurt.

An rasa gidaje da yawa, amma an ceci da yawa, kuma gidajen da na bi ta gabansu ranar nan suna tsaye ne albarkacin waccan rigima. Jihar ta yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1974, daga baya kuma hukumar birni ta fito da taswirar da ta ƙayyade wuraren da aka yarda a yi dogon bene, a 1998, ta sabunta ta a 2008. A ganina, kyan da baƙo yake gani daga gada, wato benaye a dunƙule wuri guda da unguwanni a kwance kewaye da su, 'yan hayar nan da suka ƙi tashi suna da hannu a cikinsa kamar yadda masu zane suke da shi. Da an bar kuɗi ya bi son ransa, da bene ya tsiro a duk inda dillali ya samu fili.

Daga nan tseren ya ci gaba. Benen jami'a mai mita 116 da aka gama a 1972 ya haura hasumiyar majami'a, kuma a watan Fabrairun 2014 aka rushe shi da nakiya a gaban dubban 'yan kallo. Silberturm mai mita 166 ya zo a 1978. Tagwayen benayen Deutsche Bank masu mita 155 sun zo a 1984, 'yan gari suka raɗa musu sunayen shafuka biyu na littafin akawu, na abin da ake bin mutum da na abin da yake da shi. Akwai kuma wani mai mita 208 a Westendstrasse, wanda aka ɗora wa kambin ƙarfe a ka, ana ɗumama kambin da hunturu domin kada ƙanƙara ta daskare a jikinsa ta faɗo kan masu wucewa.

Benen Commerzbank, wanda Norman Foster na Ingila ya zana aka gama a 1997, da mita 2 kacal ya ɗara Messeturm, kuma har yau shi ne mafi tsawo a Jamus da mita 259. Yana da kusurwa uku, tsakiyarsa a buɗe take tun daga ƙasa har sama, an kuma dasa lambuna tara a jikinsa suna hawa suna zagaye shi, kowane da tsayin hawa huɗu, domin haske da iska su isa ga ma'aikata, har ana iya buɗe tagogin ofis. Wannan dabara ta burge ni, domin tsakar gida ce irin tamu aka miƙar da ita sama. Iyakata dai harabar ƙasa, inda aka bar hanya jama'a na ratsawa. Kambin bene mafi tsawo a Turai ya daɗe da barinsa, ya koma Masko, an kuma yi waɗanda suka fi shi a Landan da Warsaw. A 2016 bankin ya sayar da ginin ga wani reshen kamfanin Samsung, ya ci gaba da zama a ciki a matsayin ɗan haya.

Abincin rana kullum a Münchener Strasse muke ci, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, titin da ya cika da shagunan Turkawa da 'yan Afganistan da Larabawa, inda ake samun naman halal da masallatai a cikin lunguna bayan shaguna. A can na yi sallar Juma'a. Tituna biyu daga nan, a Taunusstrasse, na ga abin da ban taɓa zaton gani a gindin bankuna ba: maza da mata da ƙwaya ta cinye suna zaune a bakin hanya, wasu suna yi wa kansu allura da rana tsaka, inuwar Silberturm tana kansu. Mai masaukina ya ce tun 1994 hukumar birni ta buɗe ɗakunan da masu wannan lalura ke shiga ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kuma mace-mace sun ragu sosai daga yadda suke a farkon shekarun 1990. Na yarda da amfanin hakan, amma tausayinsu bai bar ni na ci abincin kirki ba ranar nan.

Bene ɗaya ne ya ware kansa daga kurmin, can gabas a bakin kogi, wato mazaunin Babban Bankin Turai mai mita 185, inda ake yanke shawara kan kuɗin Yuro. Ma'aikata sun tare a ƙarshen 2014, kuma ranar bikin buɗe shi a watan Maris na 2015 an yi zanga-zanga mai zafi a kan matakan tsuke bakin aljihu da aka ɗora wa ƙasashe irin su Girka. An haɗe benen da tsohuwar kasuwar sarin kayan gwari ta 1928, doguwar rumfa ta jan bulo. Daga ɗakin ƙarƙashin wannan kasuwa ne gwamnatin Nazi ta tara Yahudawan garin kimanin 10,000 tsakanin 1941 da 1945, ta loda su a jiragen ƙasa zuwa sansanonin da akasarinsu ba su dawo ba, alhali a sama ana cinikin dankali da tufa. An bar layin dogon da gangaren da suka bi, an rubuta kalaman waɗanda suka shaida abin a jikin kankare. Na yi tsaye a wurin fiye da yadda na tsaya a gaban kowane bene.

Garin kuma bai daina hawa ba. Omniturm mai mita 190, wanda aka gama a 2019, yana da wata 'yar gocewa a ƙugunsa inda aka sa gidajen zama tsakanin ofisoshi. Grand Tower mai mita 180 gidajen zama ne zalla, mafi tsawo irinsa a ƙasar. Sabon rukunin benaye huɗu da ake kira FOUR, wanda babbansu ya kai mita 233, an sa masa wasu gidaje masu rangwamen haya da wurin renon yara da hanyoyin da kowa zai ratsa, a filin da a da yake rufe ga jama'a. A lokaci guda kuma, tsakanin majami'a da dandalin Römer, an rushe wani ƙaton ofishin kankare aka gina ƙananan gidaje 35, 15 daga ciki a kan siffar waɗanda suka ƙone a 1944, aka buɗe unguwar a 2018, kuma ta fi gindin benayen cika da mutane.

Shi kansa mai masaukina ba a Frankfurt yake kwana ba. A Offenbach yake haya, garin da ke manne da shi, domin albashinsa na injiniya ba ya ɗaukar hayar ɗakuna uku a cikin birni shi da iyalinsa. Yana cikin mutum sama da 350,000 da ke shigowa aiki kowace safiya su fice da yamma. A daren ƙarshe, bayan mun tsaya a kan gada muna kallon yadda fitilun ofisoshi suka zubo cikin ruwa, ya nuna mini wani sabon benen zama da yawancin tagoginsa suke a duhu, ya ce, "Ka ga waɗancan, Injiniya? Da yawa an saye su ne domin ajiyar kuɗi, masu su ba sa ƙasar ma."

Muna tsaye a tashar ƙarƙashin ƙasa muna jiran jirgin Offenbach, muna hirarmu da Hausa, sai wani dattijo da ya sauko daga jirgin da ke shigowa gari ya ja birki a gabanmu ya ce, "Salamu alaikum, sannunku da hutawa." Hausarsa ta zangon Kumasi ce. Muka gaisa, muka tambayi juna gida da iyali, ya ce mu muna komawa shi kuwa yanzu zai kama aiki, yana cikin masu sharar ofisoshi a ɗaya daga cikin benayen bankuna, a hawa na talatin da wani abu. Na tambaye shi yadda garin yake daga can da dare.

"Alhaji, sai ka gani da asuba," in ji shi. "Wani lokaci hazo yakan rufe ƙasa gaba ɗaya, ba ka ganin titi ba ka ganin kogi, sai kawunan benaye. A nan nake shimfiɗa dardumata in yi salla kafin masu ofis su zo."

Ya duba agogonsa, ya yi mana sallama, ya gyara jakarsa a kafaɗa ya nufi matakala.